Akori-kurar Amurka a hanyar Saminaka: yadda wani ɗan kasuwar hatsi ya sayi mota sau biyu cikin shekara guda

Asalin lamarin, kafin 2023

Mutumin da wannan abu ya faru da shi ƙanin mahaifiyata ne, a Kawo yake zaune nan Kaduna, sana'arsa saye da sayar da hatsi, da damina kuma ya kai taki da maganin feshi ƙauyukan da ke tsakanin Pambeguwa da Saminaka, da kaka ya kwaso masara daga hannun manoman da ya ba bashi. Shekara da shekaru haya yake yi, in ya tara kaya a bakin titi babbar mota ta zo ta kwashe, matsalar dai ita ce tsakanin gona da bakin titi, inda buhu goma ne ko sha biyu a wannan ƙauye, takwas a wancan, ga hanya duk kwazazzabo, mai babbar mota ba zai shiga ba, masu ƙananan motoci kuma ranar da ka fi buƙatarsu ranar suke da wani aiki.

Mahaifinsu, wato kakana, ya taɓa riƙe akori-kura 504 irin ta zamanin kamfanin Peugeot na Kakuri da ya fara haɗa motoci a 1975, kuma Kawu a bayanta ya girma, shi ya sa a wurinsa akori-kura duk akori-kura ce, ka loda har inda bodi ya tsaya ka ɗaure da igiya ka kama hanya.

Aikin da yake so motar ta yi a fili yake tun farko: buhun masara 10 masu kilo 100, ko buhun taki 20 masu kilo 50, da direba da shi kansa da yaran lodi biyu, tafiyar sama da kilomita 100 zuwa kawai, ƙarshenta kuma hanyar ƙasa.

Yuni zuwa Satumba 2023: kwatanta motoci

Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin fetur, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta, masu haya suka ninka kuɗi, nan ne Kawu ya ce shi kam ya gaji, zai sayi tasa. Ni da babban ɗansa aka ɗora wa aikin bincike tunda mu ne masu waya a hannu kullum, kuma mun yi kusan wata uku muna abu ɗaya.

Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne sunan mota ɗaya amma kowace kasuwa da irin tata. Hilux ɗin da muka sani ana haɗa ta a Tailan da Afirka ta Kudu da Ajantina, amma wadda ake sayarwa a cikin Tailan ko Afirka ta Kudu ko Ingila ko Ostireliya sitiyarinta a dama yake, mu kuma tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, sitiyari a hagu, mai sitiyarin dama ba a yarda da ita ba, masu juya sitiyari kuma Kawu ya ce ko kyauta ba ya so. Toh wannan ya fitar da rabin tallan da muke gani mai araha.

Sai na Turai masu sitiyarin hagu, Hilux da Ford Ranger da Mitsubishi L200 da Isuzu D-Max, kusan duka dizal ne, kuma wajen ɗaukar kaya su ne a gaba, yawancinsu an rubuta musu tan 1 ko kusa da haka. Amma na shekarun baya-bayan nan suna zuwa da matatar hayaƙi a salansa da ba ta son dizal mai datti, wasu ma sai ana zuba musu wani ruwa daban da ake kira AdBlue, in ya ƙare motar ta ƙi tashi. Wani abokin kasuwancin Kawu yana da irin wannan, ya ba mu labarin yadda take rage gudu da kanta a tsakiyar hanya fitila na ci a dashbod har sai da aka cire matatar aka taɓa kwamfutarta. Ga dizal ya fi fetur tsada a lokacin. Aka ajiye su.

Na ƙasashen Larabawa, wanda dillalai ke kira 'yar Dubai, sitiyarin hagu ne, injin fetur 2.7, su ne muka saba gani da jami'an tsaro da ƙungiyoyi, kowa ya ce ita ce daidai, sai dai kuɗin da dillalai suka faɗa mana na mai ƙofa huɗu mai tsafta ya kusa ninka abin da Kawu ya tanada. Mun leƙa zancen Peugeot Landtrek ma, wadda kamfanin Dangote Peugeot ya fara haɗawa nan Kaduna a 2022, ran Kawu ya biya saboda tunawa da ta mahaifinsa, amma sabuwa ce fil, kuɗin sabuwa kuma ba shi da shi.

Daga nan ne muka faɗa kasuwar Amurka. Can ba a sayar da Hilux kwata-kwata, Toyota Tacoma ce a madadinta tun 1995, kuma cikin dalilan akwai harajin kashi 25 cikin ɗari da Amurka ta ɗora wa akori-kurar da aka haɗa a waje tun 1964, wai ramuwa ce kan harajin da Turai ta sa wa kajinsu, shi ya sa kamfanoni suke haɗa wa Amurkawa nasu daban a can yankin. Muka jera su a takarda: Tacoma mai ƙofa huɗu tsawonta wajen mita 5.4, Hilux wajen 5.3, Tacoma ta ɗan fi faɗi, bodin kaya na duka biyun mita ɗaya da rabi ne da 'yan kai, tankin mai lita 80 kowacce. Injin Tacoma V6 ne 3.5 mai ƙarfin doki 278, na Hilux 2.7 bai kai 170 ba. Ga giya otomatik, ga kyamarar baya, ga na'urar da ke taka birki da kanta in za ka bugi wani abu. Kuma a wajen gwanjon motocin da suka yi hatsari a can, farashin da muke gani kamar wasa.

Na tuna daren da muka nuna masa hotunan a waya, ya daɗe yana kallo sannan ya ce “yanzu wannan ta fi Hilux girma, ta fi ta ƙarfi, kuma ta fi ta araha?” Muka ce ƙwarai kuwa Kawu. Layin nauyin kaya yana cikin bayanan da muka karanta, da awon Amurka aka rubuta shi, kuma babu wanda ya tsaya ya mayar da shi kilo a cikinmu.

Oktoba zuwa Disamba 2023: saye da shigowa

Ta hannun wani ejen aka ci gwanjon Tacoma ƙirar 2018, mai jan ƙafa huɗu, an buge ta ta gaba gefen fasinja. Kuɗin gwanjo ɓangare ɗaya ne kawai na abin da za a biya, bayansa akwai kuɗin wajen gwanjon, da ɗaukarta zuwa tashar jirgin ruwa, da kuɗin jirgi, duk da dala, dalar kuma a kasuwar bayan fage ta riga ta haura naira 1,000 alhali lokacin da muka fara lissafi a watan Yuni tana wajen 750. A lokacin shigo da mota ta kan iyakar ƙasa an hana tun Janairun 2017, dole ta tashar jirgin ruwa, tamu ta Legas ta biyo.

Motar tana kan ruwa kwastam suka canza farashin dalar da suke lissafin diyuti da shi, daga wajen naira 783 a Nuwamba zuwa wajen 951 a Disamba, wato kuɗin fito ya tashi da sama da kashi ɗaya cikin biyar ba tare da an taɓa komai a jikin motar ba. Kawu ya sayar da masarar da ya yi niyyar ajiyewa sai bazara ya cike. Aka yi mata gyaran gaba a Legas, bamba da fitila da lagireto, aka hau da ita Kaduna ƙarshen Disamba. Da aka haɗa komai da komai ta tashi kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin Hilux ɗin da muka gudu, ba rabi ba kamar yadda muka lissafa.

Ranar da ta iso kam unguwa ta fito kallo, ruwan toka ce, doguwa, tayoyi manya.

Janairu zuwa Maris 2024: fara aiki da karyewar farko

Zuwan farko ba kaya ta tafi, direban ya ce tunda yake tuƙi bai taɓa jin daɗin hanyar Pambeguwa irin na ranar ba. Dawowa aka loda buhu 10, bodin ya ɗauka tsaf har da ɗan wuri, amma bayan motar ya zauna sosai, hancinta ya ɗaga sama, da dare fitilunta sai haska rassan bishiya suke, kuma duk ramin da aka faɗa sai ka ji dum daga ƙasa, aksil ɗin na dukan robar da ke jikin shasi. Direba ya faɗa, Kawu ya ce ai sabuwar hanya ce gare ta za ta saba.

A tafiya ta shida, tsakiyar Fabrairu, ganyen sifirin na baya ɓangaren hagu ya karye a hanyar ƙasa kafin a fito titi. Sai da aka sauke kaya aka nemo wata motar haya, ita kuma aka ɗaure da waya da katako aka lallaɓo da ita. An zaga Panteka an zaga Oriakpata, wuraren da ake samun kayan mota nan Kaduna, sifirin Hilux kam ga shi nan jibge, amma na Tacoma babu, kuma ba sa shiga wa juna, abin da ya zo ɗaya a tsakaninsu rim ne kawai mai rami shida. Daga Legas aka samo, kwana 19 motar na ajiye, daidai lokacin da dala ta tasar wa 1,800 kuma masara ke tashi kullum.

Wajen sa sifirin ɗin ne bakaniken, wani dattijo da ya daɗe yana aikin motocin ƙungiyoyi, ya buɗe ƙofar direba ya goge wata 'yar takarda mai fari da rawaya da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar da babban yatsansa, ya ce “Alhaji zo ka ga abu.” An rubuta cewa nauyin mutane da kaya gaba ɗaya kada ya wuce wajen kilo 520. Ya ɗauko biro ya yi lissafi a bayan kwalin filta, masara 1,000, mutum huɗu a ce 260, jimla 1,260. Ya ce “Alhaji kana ɗora mata kayan mota biyu da rabi, wallahi ta yi ƙoƙari ma da ta kai zuwa shida.” Kawu bai ce komai ba, ya juyo ya kalle ni, ni ma na kalli takardar.

Afrilu zuwa Yuni 2024: ƙarin ganye

Shawarar da kowa ya bayar ita ce a ƙara mata ganye, haka ake yi wa kowace motar lodi a garin nan. Dattijon bai so ba, ya ce sifirin kaɗai za ka ƙara wa ƙarfi, birki da taya da boris da shasi suna nan yadda kamfani ya auna su, amma damina ta matso ga taki na jira, aka kai ta wani wuri a Panteka aka ƙara ganye biyu kowane gefe.

Zaman bayan ya ragu sosai, da ido sai ka ce an gama magana. In ba kaya kuma ta zama kamar doki, tana tsalle a kan ƙananan ramuka har bayanta na zamewa a kan tsakuwa. Cikin wata biyu taya biyu suka fashe ta gefe, da aka duba ashe tayoyin da ta zo da su irin na motar hawa ne ba na ɗaukar kaya ba, aka sayi masu kauri guda huɗu. Sai boris ɗin ƙafar baya ya fara kuka, man aksil ya fara tsiyaya yana jiƙa birki, direba kuma ya ce a gangara in tana da lodi sai ya taka birki tun daga nesa kafin ta saurare shi. Wannan maganar birkin ce ta fi tayar wa Kawu hankali, don hanya ce ta 'yan makaranta da masu babura.

Gefe guda ga ƙananan abubuwa da ke cin rai. Na'urar birkin nan da muka yi ta yabo idonta a gaban mota yake, daidai inda aka buge, tun gyaran Legas ba ta daidaitu ba, kullum saƙo na fitowa a dashbod, an sa mata kwamfuta sau uku ana gogewa yana dawowa. Baƙin man da injin ke so 0W-20 ne, siriri, ba 20W-50 da ake samu a kowane kiyos ba, sai an neme shi takanas kuma ana tsoron jabu.

Yuli zuwa Satumba 2024: raba kaya gida biyu

Mataki na gaba shi ne a rage lodi. In za a bi takardar ƙofa sau da ƙafa, direba da yaro ɗaya sun cinye kilo 140, saura buhu uku da ɗan wani abu, wannan kam ba kasuwanci ba ne, sai aka tsaya a buhu biyar, Kawu ya daina bin motar, yaran lodi a nemo a can ƙauyen. Karye-karye ya tsaya cak, wata uku ba ta kwana a gareji ba.

Amma aikin zuwa ɗaya ya koma zuwa biyu. A ƙiyasin hukumar Amurka irin wannan Tacoma tana yin wajen kilomita 8 da rabi a lita ɗaya, wannan kuma a titinsu ne ba kaya, a tamu hanyar ba ta kai haka. Farkon Satumba fetur ya tashi daga naira 600 da wani abu zuwa kusan 900 a gidajen man NNPC, a Oktoba ya haura 1,000. Da ɗansa ya zauna ya raba kuɗin mai da na direba a kan kowane buhu sai ya ga ya fi abin da masu haya ke karɓa. An yi zancen a ƙera mata tirela tunda a takarda tana iya jan kusan tan 3, direban ya ce ya ji, amma a nuna masa inda zai juya da tirela a hanyar da ko mota ɗaya da ƙyar take wucewa tsakanin gonaki.

Oktoba zuwa Nuwamba 2024: sayarwa da sake saye

Aka cire ƙarin ganyen aka mayar da ita yadda take, aka wanke, Kawu ya sa aka gaya wa duk mai taya gaskiyar hatsarin da ta yi a can da lodin da ta sha a nan. Wani matashi ɗan kwangila daga Abuja ya saya, shi abin da yake so ya je duba aiki da ita ya ɗauki 'yan kayan aiki marasa nauyi. A lissafin naira kuɗin da aka karɓa ya fi wanda aka kashe wajen sayenta, saboda faɗuwar naira, in ka mayar da shi dala ko buhunan masara kuwa an yi asara, balle a haɗa da gyare-gyare.

Wannan karon dattijon bakaniken aka sa a gaba. Ya ce a manta da ƙofa huɗu, kujerar baya da Alhaji ke biya wa kuɗi nauyinta da wurinta duk daga kason kaya ake cirewa. Aka samu Hilux mai ƙofa biyu ƙirar kafin 2015, fara, wadda wani kamfani ya yi amfani da ita nan gida ya sayar, injin fetur 2.7, giyar hannu, gilashi ma da hannu ake murɗawa, bodinta ya haura mita 2. Kafin a biya ya sa aka karanta farantin da ke nuna iyakar nauyin motar da kayanta, aka kai ta sikelin manyan motoci na wani kamfanin abincin kaji aka auna ta ba kaya, aka debe, abin da ya rage ya kusa tan 1. Ya shiga ƙarƙashinta da tocila ya bi shasi taku-taku yana ƙwanƙwasawa da sifana. Kuɗin Tacoma ya biya ta har aka samu ragowar da aka canza kulochi da tayoyi da shokzoba.

Aka kafa doka, buhu takwas da mutum biyu, in kaya ya kai goma a bar biyu sai wani zuwan.

Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

Kakar 2024 gaba ɗaya ta yi ta ba ta kwana a hanya ba. Sau ɗaya famfon mai ya mutu a Saminaka, yaron direba ya hau babur cikin awa ɗaya ya dawo da wani, domin injin nan shi ne a cikin bas ɗin Hiace da ke cika tashar Kawo, duk bakaniken da ke gyaran bas ya san shi ciki da waje. Wajen shan mai ba wani sauƙi ta yi ba, 2.7 in ta ji kaya tana sha sosai, ribar tana wajen cewa zuwa ɗaya take yi a inda waccan ke yin biyu.

A nawa ganin Tacoma ba ta da laifi ko kaɗan, an yi ta ne wa mutumin da zai je aiki da ita kullum, ƙarshen mako ya ja kwalekwalensa ko tirelarsa a titi mai kyau, shi ya sa sifirinta ke da laushi, ƙarfinta yana wajen ja ba wajen ɗauka a ka ba, kuma kamfanin bai ɓoye ba tunda ya manna a ƙofa. Ita Hilux an yi ta ne wa kasuwannin da ake loda mata kaya, a Ingila ma sai akori-kura mai ƙofa huɗu ta iya ɗaukar tan 1 ake lissafa ta motar kasuwanci wajen harajin VAT, shi ya sa kamfanoni ke tabbatar da sun kai wannan adadi. Mu mun kwatanta tsawo da faɗi da ƙarfin doki da kyamara, duk Tacoma ta ci, kuma da yake bodinsu kusan girma ɗaya ne sai ido ya yaudare mu, layi ɗaya da ya shafi sana'ar Kawu shi muka tsallake, kuma wannan kuskuren nawa ne da ɗansa kafin ya zama nasa. Ƙarin ganye bai yi ba saboda ya ɓoye alamar ne kawai, nauyin ya koma kan taya da boris da birki. Farashin gwanjo kuma bai taɓa zama farashin mota ba ga wanda zai biya sauran da dala a shekarar da naira ke zubewa.

Har yanzu akwai abin da Kawu ke kewa, ya ce bayansa na ciwo in ya bi farar zuwa Pambeguwa, kuma iyali ba sa samun wurin zama in za a je biki Zariya. Kwalin filtar nan da dattijon ya yi lissafi a kai yana cikin aljihun dashbod ɗin Hilux, ranar da wani maƙwabcinsa ya zo da hoton Nissan Frontier ta Amurka a waya yana neman shawara, shi Kawu ya ciro ya miƙa masa ya ce ya sa ejen ɗin ya ɗauko masa hoton takardar jikin ƙofa tukuna.